Tambaya da Amsa: Gurbin da David Warner Ya Bari a Ƙungiyar Kurket ta Ostireliya

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga wasan kurket, musamman nau'in da ake kira Tes, wanda ƙasashe biyu ke kwashe har kwana biyar suna fafatawa a cikinsa. Mun zaɓi guda biyar da suka taru a kan abu ɗaya, wato halin da jerin masu bugu na ƙungiyar Ostireliya ya shiga tun daga ranar da David Warner, ɗaya daga cikin mutum biyun da ke buɗe mata fagen bugu, ya yi ritaya daga wasan Tes a watan Janairun 2024.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban jima da fara kallon kurket ba, kuma ina yawan jin masu sharhi suna jayayya a kan wanda zai shiga na farko, da na uku, da na huɗu. Tunda kowane ɗaya daga cikin 'yan wasa 11 zai samu lokacinsa na bugu, mene ne abin jayayya? Me ya sa ba za a tura wanda ya fi kowa iyawa tun farko ba? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jayayyar tana da tushe, kuma tushen nata yana jikin ƙwallon kanta. A wasan Tes kowace ƙungiya tana da zubi biyu na bugu, mutum biyu ne ke tsayawa a fage a lokaci guda, kuma zubi yana ƙarewa idan an fitar da mutum goma. Ana fara kowane zubi da sabuwar ƙwallo ta jar fata, mai tauri, mai sheƙi, da ɗinki mai tudu a tsakiyarta. Muddin tana sabuwa, idan ƙaƙƙarfan mai jifa ya sako ta da gudun kilomita 140 a sa'a, tana iya karkacewa a iska kafin ta sauka, sannan idan ɗinkin ya daki ƙasa ta sake sauya hanya, alhali tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai bugu ba ta wuce mita 20 ba. Da tafiya ta yi tafiya sheƙin yakan dusashe, ɗinkin ya kwanta, fatar ta yi laushi, masu jifa kuma su soma gajiya. Doka ba ta ba masu jifa damar karɓar wata sabuwar ƙwallo ba sai an cika zagaye 80, kowane zagaye jifa shida, wato kusan wuni guda na wasa.

Saboda haka aikin mutum biyun da ke buɗe fage dabam yake da na wanda zai shigo bayan sa'a uku. Mai buɗe fage yana bukatar ido mai tantance ƙwallon da za ta taɓa sandunan da yake karewa da wadda za ta wuce ta gefe, yana kuma bukatar haƙurin ƙyale ta biyun ta wuce ba tare da ya kai mata bugu ba, ko da kuwa zai yi rabin sa'a bai samu maki ko ɗaya ba. Sau da yawa yakan wuni a rana yana tsaron fili, a fitar da mutum na ƙarshe na abokan hamayya da yamma, a ba shi minti goma kacal ya ɗaura kayan kariya ya dawo ya fuskanci masu jifa da ba su gaji ba. Idan ya yi sa'a biyu a tsaye ya samu maki 30, allon lissafi ba zai yabe shi ba, amma abokan wasansa sun san shi ya tsofar musu da ƙwallon.

Na uku yana tsaka-tsaki, domin yana iya shigowa a jifa na biyu na wasan, yana kuma iya zama a ɗaki rabin wuni yana jira. Na huɗu shi ne wurin da yawancin ƙasashe ke ajiye gwaninsu, don ya shigo lokacin da ƙwallo ta lafa ya tara maki masu yawa; a nan Sachin Tendulkar ya shafe mafi yawan shekarunsa a ƙungiyar Indiya. Na biyar da na shida sukan gamu da masu murza ƙwallo, wato masu jifa a hankali da ke sa ta juya idan ta daki ƙasa, sannan da sabuwar ƙwallo ta biyu. Na bakwai galibi mai tsaron bayan sanduna ne, sauran huɗun kuwa masu jifa ne da ba a sa ran maki da yawa daga gare su. Idan ka tura gwaninka tun farko, ka sa shi a inda haɗarin fita da wuri ya fi yawa, kuma idan ya fita da maki biyar, babu wanda zai ci moriyar ƙwallon idan ta tsufa kamar yadda shi zai ci.

Tambaya: Na karanta cewa Warner da kansa ya zaɓi ranar da zai yi ritaya, wata bakwai kafin lokacin, kuma aka bar shi ya kai ranar. Shin ya dace ɗan wasa ya yanka wa ƙasarsa lokaci haka? A ganina wannan son kai ne. Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, ba ke kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A watan Yunin 2023, ana shirin wasanni a Ingila, Warner ya faɗa wa 'yan jarida cewa burinsa ya kammala wasan Tes a filin Sidni, garinsu, a karawa da Pakistan cikin Janairun 2024. Mitchell Johnson, wanda suka yi wasa tare shekaru da dama, ya rubuta kakkausar suka a jarida a watan Disamba, yana ganin mutumin da aka dakatar shekara guda saboda badaƙalar goge ƙwallo da takarda mai kaushi a birnin Cape Town a 2018, kuma makinsa ya ja baya, bai cancanci rakiyar girma ba. Masu wannan ra'ayi suna da hujja a alƙaluma. Daga Fabrairun 2020 zuwa Nuwamban 2022 Warner bai ci maki 100 a zubi ɗaya ba ko sau guda. A gasar Ashes, wato karawar Ostireliya da Ingila, ta 2019 a Ingila maki 95 ya haɗa a zubi goma, mai jifan Ingila Stuart Broad ya fitar da shi sau bakwai. Har ya gama wasa bai taɓa cin ɗari a Ingila ko a Indiya ba, kuma matsakaicin makinsa a gida ya kusa 58, a waje kuwa kusan 32 ne.

Akwai kuma abin da ya faru a baya. A 1999 Ian Healy, wanda ya tsare wa Ostireliya bayan sanduna fiye da shekara goma, ya nemi a ba shi wasa ɗaya na bankwana a Brisbane, kwamitin zaɓen 'yan wasa ya ƙi, ya sa Adam Gilchrist. Abin ya yi wa Healy zafi, amma babu wanda ya ga aikin Gilchrist daga baya da zai ce kwamitin ya yi kuskure.

Duk da haka ban yarda cewa Warner ya yi laifi ba. Abin da ya furta buri ne, kuma ikon zaɓe bai taɓa barin hannun kwamitin da George Bailey ke shugabanta ba. Da sun ga wanda ya fi shi, babu abin da ya hana su yi masa abin da aka yi wa Healy. Sun duba ba su gani ba. Shi kuma ya ci maki 164 a wasan farko da Pakistan a Perth, ya rufe da 57 a zubinsa na ƙarshe a Sidni. Ya tafi da maki 8,786 a wasa 112, da ɗari sau 26, ciki har da 335 da ya ci a Adelaide a 2019 ba tare da an fitar da shi ba. Abin da ya fi wahalar maye gurbi ma shi ne saurinsa: yakan ci kusan maki 70 a kowane jifa 100, har ya taɓa cika ɗari kafin hutun cin abincin rana na ranar farko, a Sidni a 2017. Mai buɗe fage irin wannan yakan tilasta wa kyaftin na ɗaya ɓangaren ya janye masu tsaronsa zuwa bakin fili, abokin bugunsa ya samu sarari.

A ganina sanarwar da ya yi da wuri taimako ce ga ƙungiyar. Ya ba kwamitin wata bakwai ya shirya magaji. Abin da ya kamata a tuhuma shi ne abin da aka yi da waɗannan watanni.

Tambaya: Steve Smith yana cikin manyan masu bugu na wannan zamani. Da aka mayar da shi mai buɗe fage bayan tafiyar Warner, me ya sa abin bai yi kyau ba? Ni na ɗauka gwani gwani ne a ko'ina aka sa shi. Daga wani mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Malam, bari mu fara da yadda aka kai ga wannan shawara. Akwai mutum uku da sana'arsu ce buɗe fage a gasar jihohi ta Sheffield Shield, kuma dukkansu sun taɓa buga wa ƙasa: Cameron Bancroft, wanda ya fi kowa maki a gasar ta 2022/23, da Marcus Harris, da Matt Renshaw. Amma kwamitin yana da wata bukata a gefe, wato ya samar wa Cameron Green, matashi mai jifa kuma mai bugu, wuri a cikin mutum shida na sama, domin Mitchell Marsh ya riga ya kama gurbi na shida. Smith ya fito fili ya ce yana sha'awar buɗe fage. Sai aka ga an samu hanyar jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: Smith ya hau sama, Green ya zauna a na huɗu. Hujjar da aka kafa ita ce a zaɓi mutum shida da suka fi kowa iya bugu a ƙasar, sannan a san yadda za a jera su.

Smith ya buɗe fage a wasa huɗu, biyu da West Indies a gida, biyu da Niyu Zilan a waje. Ya haɗa maki 171 a zubi takwas, matsakaicin 28.50 domin sau shida aka fitar da shi, alhali a gurbi na huɗu matsakaicinsa ya haura 60. Fiye da rabin makin nan a zubi ɗaya ya same su, a Brisbane, inda ya tsaya da 91 ba a fitar da shi ba yayin da Shamar Joseph ya kwashe mutum bakwai, West Indies ta yi nasara da tazarar maki takwas. Adalci ya sa a ce wasa huɗu ba su isa a yanke wa ɗan wasa hukunci ba, kuma Green ya ci 174 a Wellington daga gurbi na huɗu, wanda ya kawo nasara a wasan. Shawarar ba ta tashi a banza gaba ɗaya ba.

Sai dai salon Smith bai dace da wurin ba. Yana da al'adar matsawa gaban sandunansa kafin ƙwallo ta iso, don ya karkatar da ita ta ɓangaren ƙafa. Wannan dabara ta ba shi dubban maki a kan ƙwallon da ta rage motsi, amma sabuwar ƙwallo da ke lanƙwasowa ciki takan sami ƙafarsa a gaban sanduna, alƙali ya ɗaga yatsa alamar an fitar da shi. Mutumin da ya kai shekara 34 yana wasa da salo ɗaya ba zai sake shi cikin wata biyu ba.

Wani zai ce ai an sha mayar da masu bugun tsakiya su zama masu buɗe fage a Ostireliya, kuma an dace. Gaskiya ne. Justin Langer na uku yake shiga kafin a sa shi ya buɗe a filin Oval na Landan a 2001, ya ci ɗari, daga nan shi da Matthew Hayden suka haɗa maki 5,655 a matsayin abokan buɗe fage, adadin da Gordon Greenidge da Desmond Haynes na West Indies kaɗai suka wuce a wancan lokaci. Simon Katich ya yi irin wannan sauyi a 2008. Usman Khawaja, haifaffen Islamabad kuma Musulmi na farko da ya buga wa Ostireliya, ya dawo ƙungiyar a Janairun 2022 a gurbi na biyar, ya ci 137 da 101 a wasa ɗaya a Sidni, aka ɗaga shi sama a wasa na gaba, ya zauna daram. Bambancin shi ne dukkan mutanen nan uku a wajen ƙungiya suke, ko a bakin ƙofa, lokacin da aka ba su aikin. Ƙungiyar ba ta rasa komai ba da ta gwada su, su kuma sun karɓi wurin a matsayin hanyarsu ta ƙarshe. Shi kuwa Smith an cire shi ne daga inda yake ba ƙungiyar maki 60 a kowane zubi, aka kai shi inda ba a san abin da zai bayar ba.

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan fahimta. Green ya tafi aikin tiyata a bayansa a ƙarshen 2024, aka mayar da Smith gurbi na huɗu, ya ci 101 a Brisbane da 140 a Melbon a kan Indiya, sannan 141 da 131 a Galle ta ƙasar Siri Lanka, inda ya cika maki 10,000 a wasan Tes.

Tambaya: Shin dole ne a bi jerin da aka rubuta kafin wasa, ko kyaftin yana iya sauya shi ana cikin wasa? Daga wani matashi mai koyon wasan.

Amsa: Sunayen mutum 11 ne kawai ake miƙawa kafin a jefa kwabo; wanda zai shiga bayan wane yana hannun kyaftin har zuwa lokacin da mutum zai taka fili. Abin da aka fi gani shi ne mai gadin dare: idan an fitar da wani ana dab da tashi, sai a tura ɗaya daga cikin masu jifa ya cinye 'yan mintunan da suka rage, a adana gwani zuwa safiya. Jason Gillespie ya shiga a wannan matsayi a Chittagong a 2006, ya ƙi fita har ya ci 201, kuma wannan ne wasan Tes na ƙarshe da ya buga. Mafi shahara kuwa shi ne abin da Don Bradman, kyaftin ɗin Ostireliya, ya yi a karawa da Ingila a Melbon a Janairun 1937. A zamanin ba a rufe daɓen tsakiyar fili idan ana ruwa, ruwan sama kuma ya mayar da shi wurin da ƙwallo ke tsalle ba ƙa'ida. Bradman ya tura masu jifansa su buɗe fage, ya jinkirta kansa zuwa na bakwai har daɓen ya bushe, ya ci 270. Ostireliya, wadda Ingila ta riga ta cinye a wasa biyu, ta dawo ta lashe gasar da ci uku da biyu.

Tambaya: Indiya ma ta rabu da Virat Kohli da Rohit Sharma a 2025, amma ban ji ta shiga ruɗani irin na Ostireliya ba. Mene ne bambancin? Kuma a ganinku matashi ya fi dacewa a ba gurbin tsohon ɗan wasa, ko wanda ya daɗe a gasar cikin gida? Daga wani ma'aikacin lafiya.

Amsa: Malam, kafin mu je Indiya, ga yadda gurbin Warner ya kasance bayan an mayar da Smith wurinsa. An ɗauko Nathan McSweeney, wanda a jiharsa ta Ostireliya ta Kudu na uku ko na huɗu yake shiga, aka sa shi ya fara wasan ƙasa a matsayin mai buɗe fage a gaban Jasprit Bumrah na Indiya, mutumin da ya fitar da mutum 32 a wannan gasa ta 2024/25. Ya haɗa maki 72 a zubi shida, aka ajiye shi bayan wasa uku. Aka kawo Sam Konstas ɗan shekara 19, ya ci 60 daga jifa 65 a ranarsa ta farko a Melbon, yana ɗaga ƙwallon Bumrah ta saman kan mai tsaron bayan sanduna, jama'a suka ɗauka an samu magaji. Bayan wasa biyu aka ajiye shi a Siri Lanka aka sa Travis Head, saboda daɓen can na masu murza ƙwallo ne. A wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya a filin Lord's cikin Yunin 2025 Marnus Labuschagne aka sa, wanda bai taɓa buɗe fage a wasan Tes ba. Ya ci 17 da 22, Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin. Aka dawo da Konstas a tsibiran Karibiyan, ya haɗa maki 50 a zubi shida. Cikin wata 18 Khawaja ya yi abokan buɗe fage biyar, huɗu daga cikinsu ba sana'arsu ba ce. Shi kansa Khawaja shekararsu ɗaya da Warner, dukkansu haihuwar 1986 ne, saboda haka tun farko an san gurbi na biyu yana tafe.

Indiya ta yi sa'a, amma ta kuma yi shiri. Lokacin da Tendulkar ya yi ritaya a Mumbai a Nuwamban 2013 bayan wasa 200, Kohli ya riga ya yi shekara biyu yana shiga na biyar ko na shida, yana kallon yadda ake riƙe na huɗu. A wasansa na farko a gurbin, a Johannesburg, ya ci 119 da 96. Da shi kuma ya tafi a Mayun 2025 da maki 9,230 a wasa 123, Shubman Gill ya riga ya buga wasan Tes sama da 30, ya sauko daga na uku zuwa na huɗu, ya ci maki 754 a wasa biyar a Ingila, ciki har da 269 da 161 a wasa ɗaya a Birmingham. Gurbin Rohit kuwa KL Rahul ya karɓa, mutumin da ya buɗe fage shekaru da yawa, kusa da Yashasvi Jaiswal da ya riga ya kafu. Ka lura cewa sauka daga sama zuwa tsakiya ya fi hawa sauƙi, kuma ita ma Indiya ta sha wahalar samun tsayayyen na uku tun bayan Cheteshwar Pujara.

Game da matashi ko wanda ya daɗe, ni na karkata ga wanda ya daɗe idan buɗe fage ake magana. Tarihin Ostireliya kanta ya nuna haka. Chris Rogers yana da shekara 35 aka dawo da shi a 2013, bayan dubban maki a gasar jihohi da ta gundumomin Ingila. Ya riƙe gurbin shekara biyu kusa da Warner, ya ci ɗari sau biyar, ya tafi da mutuncinsa. Shekara biyu ba kaɗan ba ne, domin a cikinsu matashi irin Konstas zai iya buga kaka biyu cikakku a Sheffield Shield, ya fita da wuri sau da yawa a inda idon duniya ba ya kansa, ya koyi ƙwallon da ake ƙyalewa. Yadda aka yi da shi, a ɗaga shi yau a ajiye shi gobe, ya fi cutar da shi a kan a ce ba a kira shi ba tukuna.

Kwamitin ya koma wannan hanya a Nuwamban 2025, da ya kira Jake Weatherald na jihar Tasmaniya, ɗan shekara 31, wanda ya fi kowa maki a gasar jihohi ta 2024/25, ya fara wasa a kan Ingila a Perth. A wannan wasa ciwon baya ya hana Khawaja buɗe fage, Head ya hau sama a zubi na biyu ya ci 123 daga jifa 83, wasan ya ƙare cikin kwana biyu. Za ka ga wannan kamar ya rushe abin da na faɗa a kan Smith, amma Head ya saba fuskantar sabuwar ƙwallo a wasannin wuni ɗaya, a matsayin mai buɗe fage ya ci 137 a wasan ƙarshe na kofin duniya a Ahmedabad a 2023, kuma salonsa na kai farmaki shi ne mafi kusa da na Warner a duk ƙungiyar. Duk da haka ɗaga shi yana barin gurbi na biyar a buɗe, inda ya sha juya wasa cikin sa'a biyu, kuma wanda zai zauna a can sai an nemo shi daga gasar jihohi kamar yadda aka nemo Weatherald.